Tare zafi a saman silin: tambayoyi da amsoshi kan shimfiɗar tare zafi da fallen alminiyam

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu gida idan kuɗin wuta ya yi musu yawa, ko ɗaki ya ƙi zaunuwa saboda zafi ko sanyi. Abubuwa biyu ake magana a kansu: shimfiɗa mai kauri da ake jerawa a saman silin, da fallen alminiyam mai sheƙi da ake mannawa a ƙarƙashin rufi. Mutane da yawa suna ɗaukarsu abu ɗaya, alhali aikinsu ya sha bamban.

Me ya sa kullum daga saman silin ake fara maganar?

Saboda rufi ne ke shan rana fiye da kowane sashe na gida. Bango yana samun inuwa a wani lokaci na yini, rufi kuwa tun hantsi har la'asar rana na kansa. Rufi mai duhun launi kan wuce digiri 65 a ma'aunin Salshiyas da tsakar rana, iskar da ta maƙale tsakaninsa da silin kuma takan kai digiri 55 ko fiye. Idan babu komai a saman silin ɗin, siririn allo ne kaɗai ya raba ka da wannan tanderun.

A ƙasashen sanyi lamarin juyawa yake yi. Ɗumin da aka kashe kuɗi aka samar a ɗaki yana hawa sama ya sulale ta silin. Ga shi kuma saman silin ya fi ko'ina sauƙin gyara: ba sai an fasa bango ko an tone daɓe ba, hawa kawai za a yi.

Ta yaya zafin ke ratsowa tun da rufin ba ya taɓa silin?

Zafi yana tafiya ta hanya uku. Akwai wanda ke bi ta jikin abu, kamar yadda bakin ƙarfe ke ɗaukar zafi idan ɗaya bakin na cikin wuta. Akwai wanda iska ke ɗauka ta kai wani wuri. Sannan akwai huci, wato zafin da kake ji a fuskarka idan ka tsaya nesa da wuta, ba ka taɓa ta ba, iska kuma ba ta kaɗo maka ba.

A ƙarƙashin rufin da rana ta gasa, huci ne babban mai laifi. Iska mai zafi sama take yi, ba ta son saukowa, don haka ba ita ce ke kawo yawancin zafin ƙasa ba. Rufin ne ke feso huci kai tsaye a kan silin, silin ya ɗauka, shi ma ya feso wa na cikin ɗaki. Shi ya sa za ka ga an buɗe tagogi, fanka na juyawa, amma kana jin zafi na sauko maka a tsakiyar ka. Wannan bayanin shi ne tushen amsoshin da ke ƙasa, musamman na inda ake ɗaura fallen alminiyam.

To mene ne bambancin shimfiɗar tare zafi da fallen alminiyam?

Shimfiɗa kamar bargo take. Cike take da ƙananan ramukan iska da ba ta motsi, kuma iskar da ba ta motsi ba ta iya kai zafi da sauri. Tana rage gudun zafi ko daga ina ya fito, daga sama zuwa ƙasa ko daga ƙasa zuwa sama, dare da rana, lokacin zafi da na sanyi. Ƙarfinta a kaurinta yake.

Fallen alminiyam kuwa ba shi da kauri, kuma ba ya tare zafin da ke bi ta jikin abu ko kaɗan. Alminiyam ma yana cikin ƙarafan da suka fi saurin ɗaukar zafi. Aikinsa ɗaya ne: huci. Fuskarsa mai sheƙi tana mayar da kusan kashi 95 zuwa 97 cikin ɗari na hucin da ya faɗo mata, kuma idan ita kanta ta yi zafi, ɗan kaɗan take fesowa, kashi 3 zuwa 5 na abin da baƙin abu zai feso. Katako, bulo da fenti na yau da kullum suna feso kusan kashi 90. Don haka fallen ba ya maye gurbin shimfiɗa, taimaka mata yake yi a wurin da rana ke da ƙarfi.

Mece ce lambar R da ake rubutawa a jikin kayan?

Ma'auni ne na yadda abu ke jure wa zafi ya ratsa shi. Idan lambar ta yi sama, tarewar ta fi. Ana kuma haɗa lissafinta: ka ɗora shimfiɗa mai R-19 a kan wata mai R-11, ka samu R-30.

Sai dai a kula, ma'aunin iri biyu ne. Akwai na Amurka, akwai na mita da ake amfani da shi a Turai, Ostareliya da sauran wurare. Na Amurka ya ninka na mita kusan sau 5.7, wato R-38 na Amurka daidai yake da kusan 6.7 a na mita. Wanda bai san wannan ba zai iya ganin R-6 a kaya biyu ya ɗauka ƙarfinsu ɗaya, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau biyar da wani abu. Lambobin da ke wannan shafin na Amurka ne. Fallen alminiyam shi kaɗai ba shi da wata lambar R ta a-zo-a-gani. Idan ka ga an liƙa masa babbar lamba, an auna shi ne tare da sararin iska a wani tsari na musamman, ba lallai irin na gidanka ba.

Wace irin shimfiɗa ya kamata in saya?

Audugar gilashi, wato siraran zaren gilashi da aka tara kamar auduga, ita ce ta fi yawa a kasuwa, tun shekarun 1930 ake yin ta. Tana zuwa a naɗe kamar tabarma ko a yanke gunduwa-gunduwa, kuma kowane inci na kaurinta yana ba da R-3 zuwa kusan R-4. Audugar dutse 'yar uwarta ce, ta fi ta nauyi, ta fi ta jure wuta, tana kuma rage ƙara, abin da mai rufin kwano zai yaba idan ana ruwan sama. Akwai niƙaƙƙiyar takarda, yawanci tsofaffin jaridu ne da aka haɗa da sinadarin boret don kare ta daga wuta da ƙwari. Da inji ake hura ta, tana shiga kowane lungu, amma tana lafawa bayan wani lokaci, don haka ake hura ta fiye da kaurin da ake so.

Kumfar feshi mai rufaffen rami ta fi su duka ƙarfi, R-6 zuwa R-7 a kowane inci, tana kuma toshe kafofin iska a lokaci guda. Amma ta fi tsada nesa ba kusa ba, sai ƙwararre ke fesa ta, kuma idan ta kama jikin katako cire ta aiki ne ja. Tana iya ɓoye yoyon rufi har katako ya ruɓe ba a sani ba.

A ganina, idan saman silin ɗinka fili ne da za a iya rarrafawa a ciki, kada ka wahalar da kanka da neman mai tsada. Wuri ne da ba a ƙarancin sarari, don haka kauri na araha zai yi maka aikin da siriri mai tsada zai yi. Yadda aka shimfiɗa ta ya fi irinta muhimmanci, kamar yadda amsar ƙarshe ta nuna.

Kauri nawa ya isa? Ko duk yadda na ƙara riba ce?

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka tana ba da shawarar R-30 zuwa R-60 a saman silin, gwargwadon yanayin yanki: ƙasa-ƙasa a wuraren zafi, sama-sama a wuraren sanyi. A Birtaniya shawarar ita ce milimita 270 na audugar gilashi ko ta dutse, wanda ya tashi kusan R-38.

Ƙari yana da amfani, amma amfanin raguwa yake yi. A ce zafi 100 ke ratsa silin mai R-10. Ka kai shi R-20, ya koma 50. Ka kai R-30, ya koma 33. A R-40 kuma 25. Ka ga goman farko da ka ƙara ta cire 50, ta uku kuwa 8 kacal ta cire, alhali kuɗinsu ɗaya. Saboda haka gidan da ba shi da komai shi ne zai ga canji mai girma tun daga shimfiɗar farko, wanda kuma ya riga ya kai R-38 gara ya kai kuɗinsa wani wuri, kamar tagogi ko bututun iska.

Mai sayarwa ya ce fallen alminiyam zai rage mini kuɗin wuta da rabi. Gaskiya ne?

A'a. Dabarar da ake yi ita ce a ɗauki kashi 97 ɗin nan na huci a faɗe shi kamar kashi 97 na zafin gida ne. Ba haka ba ne. Silin hanya ɗaya ce cikin hanyoyin da zafi ke shiga gida. Akwai tagogi, bango, iskar waje, girki, da jikin mutanen gidan kansu. Adadin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ke ambata shi ne ragin kashi 5 zuwa 10 na kuɗin sanyaya gida, a wuri mai zafi da rana. Kuɗin sanyaya gida fa, ba duk kuɗin wuta ba.

Ribar tana ƙaruwa idan shimfiɗar da ke saman silin siririya ce ko babu ita sam, ko idan bututun na'urar sanyaya ɗaki sun bi ta cikin silin, domin su ma suna hutawa da gashin da suke sha. Tana raguwa sosai idan akwai shimfiɗa mai kauri, ko bishiyoyi sun yi wa rufin inuwa. A ƙasar da sanyi ya fi yawa a shekara, sayen fallen kusan zuba ruwa ne a rariya. A ƙara shimfiɗa kawai. Gidan da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba a takardar kuɗin wuta zai ga ribar ba, a jikinsa zai ji ta.

A ina ake sa fallen, a ƙarƙashin rufi ko a shimfiɗe a saman silin?

A ƙarƙashin rufi ya fi. Ana ɗaure shi a jikin katakon rufi ta ƙasa, fuska mai sheƙi tana kallon ƙasa, a bar ɗan fili a can sama kusa da tsororuwa da kuma a ƙasa wajen baki don iska ta riƙa zagayawa. Idan sabon gini ne ko ana sauya rufi, aikin ya fi sauƙi, domin ana iya rataya shi a kan katakon kafin a buga rufin, ko a sayi allon rufi da ya zo da fallen a manne.

Shimfiɗa shi a kwance a kan silin ya fi sauri, kuma a watannin farko yana aiki. Matsalar ƙura ce. Duk fuskar da ke kallon sama tana tara ƙura, kuma da zarar ƙura ta rufe sheƙin, fallen ya zama kamar kowace takarda. Matsala ta biyu danshi ne: fallen da ba shi da huji zai tare tururin da ke tasowa daga ɗakuna, ya jiƙa shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya dage sai ya kwantar da shi, to lallai ya nemi mai ƙananan huji. Ta uku kuma wayoyin lantarki, dubi amsar da ke magana kan yin aikin da kanka.

Ta yaya zai yi aiki idan sheƙin na kallon ƙasa, alhali rana a sama take?

Wannan tana rikita mutane da dama. Abin da ya ƙware wajen mayar da huci, shi ne kuma rago wajen feso shi. Hali ɗaya ne mai fuska biyu. Fallen da ke ƙarƙashin rufi zai yi zafi, ka taɓa shi ka ji, amma ba zai iya jefo zafin nan ƙasa ba sai ɗan kaɗan. Ko mayarwa ya yi ko ƙin fesowa, sakamakon ɗaya ne ga silin.

Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne sarari. Dole fuskar mai sheƙi ta kalli iska, aƙalla santimita 2 zuwa 2.5. Idan aka matse fallen tsakanin abu biyu, misali tsakanin kwano da allo, ko aka binne shi a ƙarƙashin shimfiɗa, babu sauran huci a wurin, zafi zai bi ta jikinsa ya wuce abinsa. An yi ba a yi ba ke nan. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a aikin fallen, kuma ba a ganinsa bayan an rufe.

Zafin da aka mayar ba zai lalata rufin ba?

Rufin yana ƙara zafi, amma kaɗan. Gwaje-gwajen da aka yi a Cibiyar Makamashin Rana ta Fulorida sun nuna ƙarin 'yan digiri ne kawai, abin da bai kai bambancin da ke tsakanin rufi mai duhu da mai haske ba.

Me ake nufi da a toshe kafofi kafin a shimfiɗa?

Audugar gilashi da ta dutse ba sa tare iska, tace ta kawai suke yi. Idan akwai tsaga a inda bango ya haɗu da silin, ko rami a gefen waya, bututu, fanka ko fitila, iska za ta ci gaba da shige da fice ta cikin shimfiɗar kamar ba ta nan. Idan ka ɗaga tsohuwar audugar gilashi ka ga wani wuri ya yi baƙi, ƙura ce da iska ta bari, kuma a nan kafar take.

Ana toshe ƙananan tsagogi da gam ɗin liƙe tsaga ko kumfar gwangwani, manya kuma da allo. Kusa da bututun hayaƙi sai da ƙarfe da gam mai jure wuta. Kada a manta da murfin ƙofar hawa silin: a liƙa masa roba a baki, a manna masa tasa shimfiɗar a baya. Aikin ba shi da daɗi, ga ƙura ga rarrafe, amma idan aka riga aka zuba shimfiɗa, komawa a yi shi ya ninka wahala. Jerin da ya dace shi ne a gyara yoyo, a toshe kafofi, a shimfiɗa, sannan a duba ko fallen zai ƙara wani abu.

In na toshe ko'ina, danshi fa? Shin a rufe tagogin iska na rufin?

Kada ka rufe su. Abin da ake toshewa shi ne tsakanin ɗaki da saman silin. Tsakanin saman silin da waje kuwa ana so iska ta riƙa wucewa, ta shiga ta bakin rufi ta fita ta sama, ta kwashe zafi da danshi. Ƙa'idar gini da aka fi bi a Amurka ita ce faɗin kafar iska ya zama kashi 1 cikin 150 na faɗin silin, ko 1 cikin 300 idan an raba kafofin daidai tsakanin sama da ƙasa. Lokacin shimfiɗawa a kula kada audugar ta toshe kafofin bakin rufi. Akwai 'yan kwararo na roba ko kwali da ake sakawa don su riƙe hanyar a buɗe.

Tururi yana zama ruwa ne idan ya taɓa wuri mai sanyi. A ƙasar sanyi daga cikin gida yake fitowa, don haka takardar tare tururi da ke manne a jikin wasu shimfiɗun ciki take kallo, wato ƙasa, kusa da silin. A wuri mai zafi da laima inda ake kunna na'urar sanyaya ɗaki, daga waje yake zuwa, kuma shimfiɗa leda a kan silin na iya zama gyaran gangar auzinawa. Idan za ka ɗora sabuwar shimfiɗa a kan tsohuwa, ta saman kada ta kasance mai takarda a jiki. Fankar banɗaki da ta kicin kuma waje za su fitar da iskarsu, ba cikin silin ba. In ba haka ba funfuna da ruɓar katako na tafe.

Zan iya yin aikin da kaina?

Shimfiɗa audugar gilashi aiki ne da mai gida zai iya, in ya kiyaye. A taka katako kawai, ko a ɗora allo a kai, domin silin ba ya ɗaukar nauyin mutum. A sa takunkumi mai tace ƙura, tabarau, safar hannu da riga mai dogon hannu. A hau da sassafe a sauko kafin wurin ya ɗau zafi, da ruwan sha a kusa, da wani a ƙasa da ya san kana sama. Fitilun da aka binne a silin a bar musu tazarar santimita 7.5 ta kowane gefe, sai dai waɗanda aka yi wa alamar IC, su an ƙera su don a rufe su.

Fallen alminiyam kuwa lantarki na bi ta jikinsa. A Ostareliya, gwamnati ta ƙaddamar da shirin sa wa gidaje abin tare zafi a 2009, aka dakatar da shi a Fabrairun 2010 bayan matasa huɗu masu aikin sun mutu, uku lantarki ya kashe su, ɗaya zafin cikin rufi. Biyu daga cikinsu fallen suke ɗaurawa da ƙusoshin ƙarfe, ƙusa ta huda waya, fallen gaba ɗaya ya ɗauki wuta. A kashe wutar gidan daga babban makunni kafin a hau, a tuna cewa wayar da ta shigo daga waje da ta farantan sola suna iya kasancewa da wuta duk da haka. Idan wayoyin gidan tsofaffi ne ko an yi musu haɗin gambiza, mai gyaran wuta ya fara dubawa.

Sai na kwashe tsohuwar shimfiɗa kafin in sa sabuwa?

Idan a bushe take kuma da tsabta, bar ta, ɗora a kai. Jera ta biyun a gicciye, ta rufe katakon, domin katako R ɗinsa bai wuce 1.25 a inci ba, zafi na bi ta kansa kamar gada. Wadda ta jiƙe, ta yi funfuna, ko ɓeraye da jemagu suka ɓata, a kwashe ta.

Akwai iri ɗaya da ba a taɓawa. Idan ka ga wasu ƙananan tsakuwoyi marasa nauyi, masu ƙyalli, launin toka ko ruwan ƙasa, mai yiwuwa bamikulayit ne. Yawancin wanda aka sayar a Arewacin Amurka, da sunan Zonolite, daga mahaƙar Libby ta jihar Montana ya fito, wadda aka rufe a 1990, kuma yana gauraye da asbestos mai jawo cutar huhu da daji. Kada a share shi, kada a motsa shi; masu lasisin wannan aikin ake kira.

Fenti fa? Na ji akwai wanda ke yin aikin fallen.

Iri biyu ake nufi. Wanda ake fesawa a ƙarƙashin rufi ta ciki yana rage huci, amma mafi kyawunsa yana feso kusan kashi 15 zuwa 25, yayin da ma'aunin da ake bi bai yarda a kira abu shingen huci ba sai abin da yake fesowa bai wuce kashi 10 ba. Farin fenti ko farin rufi ta waje kuwa wani abu ne daban, kuma mai kyau: yana mayar da hasken rana tun kafin ya zama zafi. Ga rufin kankare da ba shi da sarari a ƙarƙashi, wannan da allunan kumfa da ake shimfiɗawa a sama su ne mafita, domin fallen ba shi da inda zai samu iskar da yake buƙata. Idan rufinka fari ne tas, abin da fallen zai ƙara maka ya ragu.

Na sa komai, amma ɗakin bai canza yadda na zata ba. Ina matsalar?

Hau ka duba da idonka. Giɓi tsakanin gunduwoyi, kusurwar da hannu bai kai ba, wurin da mai gyaran waya ya yaye bai mayar ba, duk ƙofofi ne, kuma ɗan ƙaramin fili da aka bari tsirara yana cin kaso mai yawa na aikin sauran. Audugar da aka danne da akwatuna ko aka cusa da ƙarfi ta rasa iskar da ke cikinta, ƙarfinta ya ragu. Duba kuma ko fallen na da sararinsa, kamar yadda aka yi bayani a sama.

Idan sama lafiya lau take, taɓa silin da tafin hannu da misalin ƙarfe uku na rana, sannan ka taɓa bangon yamma da gilashin taga. Wanda ya fi zafi shi ne hanyar da ta rage. Ka tuna kuma shimfiɗa ba ta ƙirƙirar sanyi: zafin da ya riga ya shiga ta taga, ita ma za ta riƙe shi a ciki da dare. A irin wannan gidan sai an yi wa tagogi inuwa ta waje, a kuma buɗe su idan iskar dare ta fi ta ɗaki sanyi.